Yadda Ake Ganin Watannin Jufita da Taurarin Ɗan'adam Daga Tsakar Gida a Kaduna

Kaduna tana kan digiri 10.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan ba ƙaramar gata ba ce ga mai kallon sama. Hanyar da rana da wata da sauran duniyoyi ke bi tana ratsawa kusan ta saman kanmu, inda ƙura da hayaƙi suka fi ƙaranci. Mutumin Landan yana kallon Jufita ne a karkace ta cikin iska mai kauri, mu kuwa sai dai mu ɗaga kai. Da ido kawai za ka ga Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tana wucewa. Da madubin hangen nesa mai ido biyu za ka ga manyan watannin Jufita huɗu. Da ƙaramar na'urar hangen nesa mai bakin milimita 70 za ka ƙara da zoben duniyar Zuhal da babban watanta, Taitan. Yawancin waɗanda suka gwada suka kasa, ba rashin kayan aiki ne ya kayar da su ba. Abu uku ne: fita a lokacin da bai dace ba, rawar hannu, da fuskantar kusurwar da ba ita ba.

Lokaci da wuri

Mafi kyawun sama a Kaduna ana samunta ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, hunturu kuma bai sauko da ƙurarsa ba. Na biye da shi shi ne daren da aka tafka ruwa da yamma gari ya washe, domin ruwan ya wanke iska tas. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana cinye duk abin da ke ƙasa da digiri 30 daga doron ƙasa, amma wata da Jufita suna huda shi idan sun hau sama sosai. Saboda haka a hunturu kada ka ɓata lokaci kan abin da ke fitowa ko faɗuwa, jira ya zo tsakiya.

Auna digiri ba ya buƙatar na'ura. Ka miƙe hannunka sosai ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Dunƙule tara daga ƙasa ya kai ka saman kai.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne ɗaukar alƙibla a matsayin gabas sak. Alƙiblar Kaduna tana wajen digiri 66 zuwa 67 daga arewa, gabas ta ainihi kuwa digiri 90 ce. Wato idan ka fuskanci alƙibla, sai ka juya dama da kusan dunƙule biyu da ɗan ƙari kafin ka samu gabas. Wanda bai gyara wannan ba zai yi ta jiran tauraro a inda ba zai ɓullo ba. Kamfas ɗin waya ma yana ruɗewa kusa da ƙofar ƙarfe, rufin kwano ko janareta, don haka ka matsa tsakiyar fili kafin ka amince da shi.

Ba sai ka fita daji ba, kuma ba ma ba kowa shawarar fita bayan gari da dare saboda kallon taurari. Tsakar gida ta wadatar, ko a Tudun Wada kake ko Kawo ko Barnawa. Abin da ake buƙata shi ne ka juya wa fitilar tsaro baya, ka tsaya a inuwar katanga. Idan an ɗauke wuta a unguwa, to an yi maka aikin. Wani abu kuma: Kaduna gari ne mai barikoki da cibiyoyin tsaro da yawa. Kada ka ɗaga madubin hange kusa da irin waɗannan wurare, kada ka karkata shi wajen gidajen maƙwabta, kuma idan za ku taru ku da yawa, ku sanar da mai unguwa ko dattawan layi. Mafi sauƙi ma ka gayyaci maƙwabcin ya leƙa da kansa.

Kayan aiki

A jikin madubi mai ido biyu za ka ga lamba irin 7x50 ko 10x50. Ta farko ita ce yawan ninkin girma, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Don wannan aiki 10x50 ya fi dacewa. Ka guji waɗanda ke da jan gilashi mai ƙyalli, da masu sandar ƙara girma, da ƙanana masu ɗauke da lambobin ƙarya irin 60x60. Kafin ka biya, ka kalli wata eriya ko turken wuta mai nisa. Idan ka ga abu biyu, ko ka ji idanunka suna ja bayan daƙiƙa kaɗan, gilasan ciki sun goce, kuma da dare kowane tauraro zai zame maka biyu.

Saita shi haka: ka rufe idon dama, ka murza dabaran tsakiya har abin ya fito sarai a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, ka murza zoben da ke kan mazubin idon dama shi kaɗai. Daga nan dabaran tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Alamar saiti ya yi daidai ita ce tauraro ya koma ɗigo mafi ƙanƙanta.

Rawar hannu ita ce babbar matsala, domin ninki 10 yana ninka rawar ma sau 10. Idan babu ƙafar kyamara, ka ɗora gwiwar hannu kan katanga ko rufin mota, ko ka zauna a kujera ka kifa sandar mofa a ƙasa ka ɗora madubin a kanta. Ka riƙe shi ta can gaba kusa da manyan gilasan, ka fitar da numfashi, ka dakata, sannan ka duba.

Ga mai sayen na'ura mai ido ɗaya, faɗin baki ne abin dubawa, ba alƙawarin da ke jikin kwali ba. Ninkin da ke da amfani bai wuce faɗin bakin sau biyu ba, wato na'ura mai milimita 70 iyakarta 140. Lissafin ninki shi ne tsawon na'urar a raba da lambar mazubin ido: 700 a raba da 20 ya ba da 35, da mazubi mai lamba 10 kuma 70. Kullum ka fara da mazubi mai babbar lamba, ka kamo abin, ka kawo shi tsakiya, sannan ka canza. Ƙaramin madubin saiti da ke gefe kuwa da rana ake daidaita shi a kan wata hasumiya mai nisa. Wanda ya bar wannan sai dare zai sha wahala. Ko da wasa kada a juya kowane irin madubi wajen rana, domin makanta ce nan take, kuma kada a bar shi a hannun yara da rana.

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Goge ta da bakin riga yana karce gilashi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyallen tabarau.

Fara da watanmu

Wata yana nesa da mu da kusan kilomita 384,400, faɗinsa kilomita 3,474. Daren sha huɗu shi ne mafi munin lokacin kallonsa, domin rana tana dukansa kai tsaye, babu inuwa, komai ya baje. Ka duba shi tsakanin daren 5 da 10 ga watan Musulunci, ka bi layin da ya raba haske da duhu. A nan ne duwatsu da ramuka ke fitowa da inuwarsu. Wajen daren 7 ko 8, kusa da tsakiyar faifan, akwai manyan ramuka uku a jere, na ƙarshensu ta kudu shi ne Arzachel, wanda aka raɗa wa sunan Az-Zarƙali, masanin taurari na Andalus. Kusa da su akwai Albategnius, sunan Al-Battani. Kwana biyu da wannan aiki sun isa hannunka ya saba da saiti.

Watannin Jufita

Jufita, wadda malamai na zamanin da ke kira Mushtari, ba ta da wuyar ganewa. Bayan wata da Zara, yawanci ita ce mafi haske a sama, fara mai ɗan rawaya, kuma ba ta ƙyaftawa kamar taurari. Bambancinta da Zara shi ne Zara ba ta yin nisa da rana, ana ganinta bayan magariba a yamma ko kafin asuba a gabas, ba a taɓa ganinta a saman kai da tsakar dare. Kusan kowane wata 13 duniyarmu tana shiga tsakanin rana da Jufita, a lokacin ne take fitowa da magariba ta kwana a sama, ta fi kusa kuma ta fi girma. Hakan ya kama 10 ga Janairun 2026, na bayansa kuma daren 10 zuwa 11 ga Fabrairun 2027. Wata biyu kafin ranar da wata uku bayanta duk lokacin kallo ne. Manhajar Stellarium, wadda ake samu kyauta a waya da kwamfuta, za ta nuna maka inda take a kowane dare.

Jufita tana da watanni fiye da 90, amma huɗu ne manya, waɗanda masanin taurari Galileyo ya gani a Janairun 1610 da na'urar da ba ta kai madubin kasuwa na yau inganci ba. Io shi ne na ciki, yana zagaye ta cikin awa 42 da rabi. Yurofa kwana 3.55, Ganimid kwana 7.15, Kalisto kwana 16.7. Ganimid, mai faɗin kilomita 5,268, shi ne wata mafi girma a duk dangin rana, ya fi duniyar Mekuri faɗi. Dukkansu suna da hasken da ido zai iya gani da a ce su kaɗai ne, hasken Jufita ne ke danne su.

Idan ka kafa madubin ya tsaya cak, za ka ga Jufita a matsayin ɗan faifai, da ƙananan ɗigo a jere a gefenta kamar ƙwayoyin carbi a zare ɗaya. Ga abin da ke ruɗa mutanenmu: hotunan littattafai suna nuna layin a kwance, amma a Kaduna idan Jufita tana tasowa daga gabas ko tana gangarawa yamma, layin kusan a tsaye yake, wasu a samanta wasu a ƙasanta. Mai neman su dama da hagu zai ce bai ga komai ba. Nisan ma kada ka zarce. Kalisto, wanda ya fi kowa fita, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin watanmu ba daga Jufita. Duk ɗigon da ya fi haka nisa, ko ya kauce wa layin, tauraro ne na can baya.

Ba kullum ake ganin huɗu ba. Wani yana iya kasancewa a gabanta, ko a bayanta, ko cikin inuwarta, ko biyu su matsu su zama kamar ɗaya. Io ba ya wuce faɗin Jufita uku daga tsakiyarta, shi ya sa ya fi wuyar kamawa da ninki 10. Idan ka ga biyu ko uku, kayanka lafiya suke. Ka dawo bayan awa biyu, za ka tarar jeren ya sauya.

Aikin da ya fi koyarwa, musamman ga malamin makaranta da ɗalibansa, shi ne zane. Ka samu littafi mai layi. Kowane dare a lokaci guda ka zana da'ira a tsakiyar layi, ka sa ɗigo a inda kowane wata yake, kana auna nisan da faɗin Jufita. Ka rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa. Bayan kwana 17 ka haɗa ɗigon da ya fi fita daga layi zuwa layi, zai ba ka lanƙwasa guda cikakkiya, wannan shi ne Kalisto. Wanda ke komawa mazauninsa duk mako shi ne Ganimid. Sai bayan ka gama zanen daren za ka buɗe manhaja ka gwada, inda aka yi musu alama da haruffan I, E, G da C. Idan ka fara duba waya, idonka zai ga abin da aka gaya masa ne. Ka lura kuma cewa yawancin na'urori masu ido ɗaya suna juya hoto, dama ta koma hagu ko sama ta koma ƙasa, don haka ka rubuta wace na'ura ka yi amfani da ita.

Abin da zanen zai nuna maka da kansa shi ne na kusa yana gudu, na nesa yana tafiya a hankali. Wannan ita ce ƙa'idar da masanin taurari Kepler ya bayyana a 1619 game da duniyoyi, kuma ita ce ke riƙe da duk abin da za mu ambata a ƙasa.

Da na'ura mai milimita 70 zuwa 80 a ninki 80 ko 100, za ka ga ɗamara biyu masu duhu a jikin Jufita, wani lokaci har da baƙin ɗigon inuwar wata yana ratsa ta. Idan hoton yana rawa kamar ana kallonsa ta saman wuta, zafin da rufin kwano da siminti suka sha da rana ne ke tashi. Ka canza wuri don kada ka hango ta saman rufi, ko ka jira bayan ƙarfe 10. Jufita za ta riƙa zamewa daga cikin mazubi cikin minti ɗaya ko biyu, wannan juyawar duniyarmu ce, sai ka riƙa bin ta a hankali.

Zuhal tana da watanni 274 da aka tabbatar zuwa Maris na 2025, amma ƙaramar na'ura Taitan za ta nuna maka, ɗigo guda da ke zagaye ta cikin kusan kwana 16. Zoben yana fitowa daga ninki 30 zuwa sama. A 2025 ya juyo mana da gefensa ya zama siririn layi, yanzu yana sake buɗewa shekara bayan shekara. Watannin duniyar Mas biyu, Fobos da Daimos, ƙanana ne ƙwarai kuma suna manne da haskenta, kada ka wahalar da kanka. Mekuri da Zara ba su da wata ko ɗaya.

Taurarin ɗan'adam

Tauraron ɗan'adam ba shi da fitilar da muke gani, hasken rana yake maidowa. Don haka sai an haɗa sharaɗi biyu: kai kana cikin duhu, shi yana cikin rana. A Kaduna rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, duhu kuma yana saurin shiga, saboda haka tagar gajera ce. Daga bayan sallar magariba zuwa ɗan bayan isha'i, sai kuma wajen kiran assalatu zuwa kafin gari ya waye. Da tsakar dare na ƙasa-ƙasa duk suna cikin inuwar duniya.

Tashar ƙasa da ƙasa ita ce ta farawa. Tsawonta mita 109, tana sama da kusan kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 92 zuwa 93. Tun 2 ga Nuwamban 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a ciki ba. Ka buɗe shafin Heavens-Above ko manhajar Spot the Station ta hukumar NASA, ka sa wurinka da hannu: 10.52 arewa, 7.44 gabas, agogo kuma awa ɗaya gaba da na GMT. Rashin sa wuri ko kuskuren awa ɗaya shi ne ya fi hana mutane ganinta. Jadawalin zai ba ka lokacin ɓullowa, kusurwa, iyakar tsayi da ƙarfin haske. Ka zaɓi wucewar da tsayinta ya haura digiri 40. A lambar haske, mai alamar ragi ita ce mai ƙarfi, wato -3.5 ta fi -1.5 nesa ba kusa ba. Ka sabunta jadawalin a ranar, domin akan ɗaga tashar lokaci zuwa lokaci, lissafin mako biyu baya yana iya gocewa. Idan ka ga kwanaki babu wucewa, haka tsarin yake, takan zo ne a jere na 'yan kwanaki da yamma, ta ɓace, ta dawo da asuba.

Ka fita minti biyar kafin lokaci. Za ta taso daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, ko daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, fari tas, babu ƙara, babu ƙyaftawa, ta ratsa sama cikin minti huɗu zuwa shida. Jirgin sama yana da fitilu ja da kore masu walƙiya. Tauraron da ake gani yana faɗowa kuwa daƙiƙa ɗaya ne ya mutu. Sau da yawa tashar takan dushe ta yi ja-ja ta ɓace a tsakiyar sama, ta shiga inuwar duniya ke nan.

Haka za ka nemi tashar Sin, Tiangong, da na'urar hangen nesa ta Hubble da aka harba a 1990. Hubble ba ta wuce digiri 28.5 arewa ko kudu, shi ya sa mutanen arewacin Turai ba sa ganinta, mu kuwa takan bi ta saman kanmu. Jerin fitilu masu bin juna a layi da kan tayar da hankalin unguwa, taurarin Starlink ne a kwanakin farko bayan harba su, kafin su warwatsu su hau mazauninsu. Masu tafiya daga kudu zuwa arewa ko akasin haka yawanci masu ɗaukar hoton ƙasa ne, irin aikin da aka harba NigeriaSat-1 dominsa a Satumbar 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011.

Waɗanda dish ke kallo

A tsayin kilomita 35,786 saman tsakiyar duniya, gudun tauraro ya ragu zuwa kusan kilomita 3 a daƙiƙa, zagayensa ya yi daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye yake. Shi ya sa ake kafa dish a ɗaure shi. NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disambar 2011, yana zaune a digiri 42.5 gabas. Daga Kaduna yana wajen digiri 105 daga arewa, tsayi kusan 48. Na digiri 36 gabas, inda DStv ke sauko da tashoshinsa a yankinmu, yana wajen digiri 108, tsayi kusan 55. Nilesat na digiri 7 yamma yana kudu maso yamma, wajen digiri 235, tsayi kusan 69.

Dish ɗin gida mai ɗan tsawo yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa da digiri ashirin da wani abu, don haka a bi ma'aunin da ke jikin maƙalarsa ta baya, kuma sai turken ya tsaya sak ma'aunin zai yi gaskiya. A juya shi kaɗan-kaɗan ana dakatawa daƙiƙa biyu ko uku, domin dikoda tana jinkirin nunawa, kuma a bi layin inganci, ba na ƙarfin sigina ba. Bayan an samu, a murɗa kan LNB, wato abin da ke gaban dish yana karɓar sigina, dama ko hagu har ingancin ya kai ƙololuwa, sannan a ɗaure kusoshi bi da bi don kada ya ja gefe. Dish ɗin da aka saita rabi da rabi shi ne ke fara ɗaukewa da hadari ya haɗu, domin ɗigon ruwa yana shanye siginar. Akwai kuma ɗaukewar da ba laifin kowa ba: a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba rana takan bi ta bayan waɗannan taurari daidai, hayaniyarta ta danne siginar na 'yan mintuna, kwanaki kaɗan a jere, da hantsi ga dish mai kallon gabas, wajen azahar ga mai kallon Nilesat. Kada a taɓa dish ɗin a lokacin, siginar za ta dawo da kanta.